Kafin Mu Kai Zinaren Inna Kasuwa Don Ɗa Ya Tuƙa Jirgi

 

Duk wanda ya zauna birnin Khartum kafin yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 ya san Suk al-Arabi, kasuwar nan da ta shimfiɗu a tsakiyar gari, daura da babban masallacin Juma'a. A nan masu sayar da zinare suke da shagunansu, a nan 'yan canji kan tsaya bakin titi suna raɗa wa mai wucewa farashin dala, a nan kuma ofisoshin tikiti da na neman biza suke jere. Mu da muka tashi tsakanin Umdurman da Khartum mun san taku kaɗan ne tsakanin waɗannan sana'o'i uku, mun kuma ga gidajen da suka bi su ɗaya bayan ɗaya cikin yini guda: a sayar da awarwaron uwa da hantsi, a mayar da kuɗin dala da azahar, kafin la'asar a danƙa su ga wakilin wata makarantar koyon tuƙin jirgin sama da ke Jodan, ko Afirka ta Kudu, ko Filifin. Yaƙi ya tarwatsa kasuwar, an wawushe shagunan zinarenta, amma burin da ke kai iyaye can ya biyo mu duk inda muka yi hijira, daga Bur Sudan zuwa Alkahira, daga Njamena zuwa Yamai da Kano. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu yi wannan lissafi tare, tun ba a taɓa kayan ɗaki ba.

Abin da ke jan zuciya

Ba mu ga laifin yaron da ya ɗaga kai ya ga jirgi ya ce shi ma sai ya tuƙa ba. Kakanninmu da ƙafa suka zo ƙasar nan. Waɗansu hanyar Makka ce ta kawo su, suna tafe suna noma suna yada zango, har shekaru su shuɗe ba su ga Bahar Maliya ba. Waɗansu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu. Jikan mutumin da ya yi shekara bakwai a hanya, in aka ce masa zai iya kai alhazai Jidda cikin sa'o'i kaɗan yana zaune a gaban jirgi, dole zuciyarsa ta motsa, ta iyayensa ma haka. Ga kuma albashi da ake ji ana faɗa, ga farar riga mai igiyoyi a kafaɗa, ga sunan gida da zai ɗaukaka a unguwa. Sana'a ce ta halal, kuma al'ummarmu tana bukatar 'ya'yanta a cikinta. Damuwarmu ita ce yadda ake biyan kuɗinta, da wanda nauyin yake faɗa wa in al'amari ya karkace.

Matakalar da ba a nuna wa iyaye duka

Wakilin makaranta yakan faɗi kuɗi ɗaya, ya ce da wannan ɗanku zai zama matuƙi. Alhali karatun matakala ce, kowane taki da kuɗinsa. Bisa ƙa'idojin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, wato ICAO mai mazauni a Montreal ta ƙasar Kanada, takin farko shi ne lasin tuƙi na ƙashin kai, wanda ake samu bayan aƙalla awa 40 a sama. Mai wannan lasin ba shi da izinin karɓar ko sisi a matsayin ladan tuƙi. Na biyu shi ne lasin tuƙin haya, wanda ke neman awa 200, ko 150 in a makarantar da aka amince da tsarinta na bai-ɗaya ne. Tare da shi akwai shaidar iya tuƙi da na'ura kaɗai cikin gajimare da duhu, da shaidar tuƙa jirgi mai inji fiye da ɗaya, da jarrabawar Turanci, domin tun 2008 aka wajabta wa matuƙan da ke ƙetare iyaka su kai mataki na huɗu a harshen. A Turai wannan zango gaba ɗaya yakan kai Yuro dubu tamanin zuwa dubu ɗari, wani wurin ma ya haura. Ga 'yan'uwanmu masu lissafi da sefa, Yuro dubu ɗari ya ɗara sefa miliyan 65.

A nan iyaye da yawa suke zaton an gama, har a yanka rago. Amma yaron da ya fito da awa 200 a ƙananan jirage masu farfela bai isa ya zauna a kujerar Boeing 737 ko Airbus A320 ba. Kowane babban jirgi yana da tasa shaidar ƙwarewa, wadda ake koyo a na'urar kwaikwayon jirgi, kuma ita kaɗai takan ci Yuro dubu ashirin zuwa talatin in ɗalibi ne zai biya wa kansa. Babban lasin kuwa, wanda ke ba mutum damar zama kyaftin a jirgin fasinja, sai an tara awa 1,500. Amurka ma tun 2013 ta ɗora wa mataimakin kyaftin wannan sharaɗi. Tsakanin 200 da 1,500 akwai rami mai faɗi: kamfani yana neman mai awoyi, awoyi kuma ba su taruwa sai an ɗauke ka aiki. A bakin wannan rami ne waɗansu 'yan kasuwa suka buɗe wata hanya, matashi ya biya kuɗi don a bar shi ya tuƙa jirgin fasinja na 'yan awoyi, ma'aikaci ke nan yana biyan mai gida.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, shi ne cewa takardun nan suna da wa'adi. Shaidar lafiya shekara ɗaya take yi ga matashi, a tsarin Turai shaidar tuƙi da na'ura ma haka. Wanda ya gama ya zauna gida bai sami aiki ba, kowace shekara sai ya sake kashe kuɗi don kada takardunsa su mutu a aljihu. Kuma lasin da wata ƙasa ta bayar ba ya aiki kai tsaye a wata, sai an sake jarrabawa an biya kuɗin sauyi.

In makaranta ta rufe ƙofa

Makarantun nan sukan kwaɗaitar da iyaye da rangwame in sun biya gaba ɗaya tun farko. Abin da ya kamata mu gane shi ne, kuɗin da aka biya yau ba a ajiye wa yaronmu shi ake yi ba. Da shi ake sayen man jirgi da biyan albashin malamai na wannan wata, har da bashin da makaranta ta ci bara. Ranar da sababbin ɗalibai suka daina shigowa, sai a wayi gari ƙofa a garƙame, ɗalibi kuma ya shiga layin masu bin bashi, a can baya, bayan bankuna da ma'aikata.

Wannan ya faru a ƙasashen da muke ganin doka ta zauna da gindinta. A watan Fabrairu 2008 kamfanin Silver State Helicopters na jihar Nevada a Amurka ya rufe dare ɗaya, ya bar ɗalibai fiye da dubu biyu, mafi yawansu da bashin karatun da ba su kammala ba. A watan Yuli 2012 ɗaliban Pilot Training College ta birnin Waterford a ƙasar Ailan suka maƙale a Florida, bayan rikicin kuɗi ya shiga tsakanin makarantarsu da cibiyar da ke horar da su a can, alhali iyayensu sun riga sun biya. A watan Afrilu 2023 makarantar Tayside Aviation ta garin Dundee a Sikotlan ta durƙushe bayan fiye da shekara hamsin tana aiki. To, in ɗan ƙasa mai lauya da jarida da ɗan majalisa ya rasa kuɗinsa, ina ga baƙon da ya zo da bizar ɗalibi, wanda rasiɗinsa ma wani dillali ne ya rubuta masa da hannu a wani ofishi na Suk al-Arabi? Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Dala tana hawa, fam yana sauka

Haɗari na biyu mu mutanen Sudan mun fi kowa saninsa. Makaranta da dala take karɓa, uba kuwa da fam yake samu. A 2011, shekarar da Sudan ta Kudu ta ɓalle da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin ƙasa, dala ɗaya ba ta kai fam uku ba a farashin gwamnati. A farkon 2018 aka mayar da ita fam 18. A watan Fabrairu 2021 babban banki ya ɗaga ta daga 55 zuwa wajen 375, don ya cim ma farashin da 'yan canji suka daɗe da kaiwa. Sai mu ɗauki uban da ya rage masa dala dubu goma a kuɗin makaranta. A farkon 2018, a lissafin gwamnati, fam dubu 180 ke nan. Bayan shekara uku, wannan dala dubu goma ɗin ta zama fam miliyan uku da dubu 750, ninki ashirin da ɗoriya, kuma babu albashi ko shagon da ribarsa ta ninka haka. Karatun da aka ce wata goma sha takwas ne yakan kai shekara biyu ko uku saboda damina, da lalacewar jirage, da ƙarancin malamai, kuma kowane wata da ya ƙaru akwai kuɗin ɗaki da na abinci da na sabunta biza. 'Yan'uwanmu na ƙasashen sefa kada su ce wannan bai shafe su ba, domin dattawansu ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka kwana aka tashi darajar kuɗinsu ta ragu da rabi.

Lafiya da aiki

Haɗari na uku yana jikin yaron. Lasin tuƙin haya ba ya aiki sai da shaidar lafiya ta mataki na ɗaya, wadda likitocin da hukuma ta amince da su kaɗai ke bayarwa. Ana duba ido da kunne da zuciya da jini. Matashi yana iya girma bai taɓa sanin ba ya rarrabe ja da kore sosai ba, sai ranar gwaji. Ciwon suga, ko farfaɗiya, ko matsalar bugun zuciya suna iya dakatar da mutum ko da ya yi shekaru yana tuƙi. Gwajin nan kuɗinsa kaɗan ne in aka kwatanta da kuɗin makaranta, amma mun ga inda aka biya kafin alƙalami mai nauyi tukuna, sannan aka je wurin likita.

Na huɗu shi ne aikin kansa. Kamfanin jirgin sama ba ya da tabbas kamar yadda girman jiragensa ke nunawa. Air Afrique, wanda ƙasashe da dama suka haɗu suka kafa, ya rushe a 2002. Nigeria Airways ya bi shi a 2003. Sudan Airways, wanda ya fara tashi tun 1947, yana cikin mafi daɗewa a Afirka, takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba daga 1997 zuwa 2017 ya hana shi samun kayan gyara har jiragensa suka yi ta zama a ƙasa, a 2010 kuma Tarayyar Turai ta haramta wa kamfanonin Sudan shiga sararinta. A 2020 annobar korona ta ajiye jirage a duniya baki ɗaya, har ƙungiyar matuƙan Birtaniya, BALPA, ta fito a watan Nuwamba na shekarar ta shawarci matasa su dakata da shiga makarantun tuƙi. A ranar farko ta yaƙinmu kuwa filin jirgin Khartum ya zama fagen fama, jirage suka ƙone a inda suke tsaye, filin ya zauna a rufe fiye da shekara biyu.

Darasi mafi kusa da mu daga Kano ya zo. A zangon mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na 2011 zuwa 2015, gwamnatin jihar ta tura matasa ɗari ƙasar Jodan suka koyi tuƙin jirgi. Sun gama, sun dawo da lasin, amma da yawansu suka yi shekaru suna jira, saboda rashin shaidar ƙwarewa a kan manyan jirage da ƙarancin awoyi. Waɗannan gwamnati ce ta ɗauki nauyinsu, jiran ya yi musu ciwo amma ba a sayar da gidan kowa ba. Sai mu auna yadda zai kasance ga wanda gonar gado ce ta biya masa.

Wanda bashi ke kamawa

Kasancewarmu 'ya'yan gidan liman, mun tashi muna shimfiɗa tabarma a zaure muna kawo shayi, saboda haka kunnenmu ya sha jin ƙarshen irin waɗannan lamurra. Bankunan Sudan ba su ba da rance da ruwa, murabaha suke yi: banki ya sayi kaya ya sayar maka da riba, ka biya kashi-kashi, ka ajiye cekin kowane kashi da sa hannunka. Mai neman tsabar kuɗi sai ya karɓi mota ko buhunan sukari ta wannan hanya, ya karyar da su a kasuwa ƙasa da farashi, abin da mutanen gari ke kira al-kasir, ya sayi dala. Tun kafin yaro ya hau jirgi an yi hasara sau biyu, wajen ribar banki da wajen karyarwa. Dokar laifuffuka ta 1991, a sashe na 179, ta mai da ba da cekin da ba kuɗi a bayansa laifi, kuma babu gidan da bai san kalmar nan ta kotu ba, yabƙa lihinis sadad, wato a ci gaba da tsare shi har sai ya biya. Mai sa hannu ake tsarewa, shi kuwa galibi uba ne, ko kawu, ko babban wa.

Akwai wani dattijo mai shagon yadi da ya zo wurin mahaifinmu shekaru kaɗan kafin yaƙi. Ya ce, "Allah gafarta Malam, na zo a sa mana albarka, yaron nan zai tafi karatun jirgi, na jinginar da gida, ƙanena kuma ya sa hannu a ceki." Malam ya yi addu'a, sannan ya tambaye shi, "Alhaji, in yaron ya dawo ya shekara uku bai sami aiki ba, wa zai biya? Kuma 'yan'uwansa mata da ke da rabo a gidan nan, an tambaye su?" Dattijon ya yi shiru. Daga baya ya janye jinginar, ya sayar da wani fili da ba a zaune a ciki, ya ce iyakar abin da zai iya ke nan, a biya mataki-mataki. Makarantar farko ta ƙi, ta ce sai duka, sai suka nemi wata. Abin da ya zauna mana a rai shi ne tambaya ta biyu. Gida ɗaya ne, 'ya'ya bakwai ko takwas, in aka zuba dukiyar duka a kan ɗaya ba da yardar sauran ba, ko ya yi nasara an shuka abin da zai tsiro ranar rabon gado. Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Abin da muke ba da shawara

Da farko a kai yaro gwajin lafiya na mataki na ɗaya kafin a biya kowa ko kwabo. Bayan haka a biya masa awa biyu ko uku na gwaji a ƙaramin jirgi, domin wani yana son rigar ne, in ya ji jirgi ya karkata da shi sai ra'ayinsa ya sauya, kuma gara a gane haka da wuri.

Sannan a nemi gurbin da wani ke ɗaukar nauyi, ko wanda aiki ke biye da shi, kamar na kamfanin jirgi, ko na gwamnati, ko na soja. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya tana nan tun 1964, kamfanin jiragen Habasha ma yana da tasa makarantar a Addis Ababa. A kuma tuna cewa aikin jirgi ya fi kujerar matuƙi faɗi. Makarantar EAMAC da ke Yamai, ta hukumar ASECNA, tun 1963 take horar da masu ba jirage hanya, da masana yanayi, da masu gyaran na'urori, kuma waɗannan ayyuka ne masu mutunci da ba su bukatar a jinginar da gida.

In kuwa iyali ne za su biya, to a rubuta wa hukumar jiragen sama ta ƙasar da makarantar take, a tabbatar tana da izini, a kuma tambayi hukumar ƙasar da yaro zai yi aiki ko tana karɓar wannan lasin. A nemi tsofaffin ɗalibai uku ko huɗu da aka samo da kai, ba waɗanda wakili ya zaɓo ba, a tambaye su wata nawa suka yi, nawa suka ƙara a kan abin da aka faɗa musu, kuma ina suke aiki yanzu. A biya ta banki, da sunan makaranta, kashi-kashi gwargwadon awoyin da aka tashi, kada abin da ke hannunsu ya wuce wanda za a iya haƙura da shi in ya salwanta, ko da za a rasa rangwame. Yaro ya riƙe littafin awoyinsa da sa hannun malami bayan kowane tashi, domin shi ne abin da zai tsira da shi zuwa wata makaranta. Duk wanda ya ce yana ba da tabbacin aiki, a ce ya rubuta sunan kamfanin a cikin yarjejeniya, ya kuma rubuta abin da zai mayar in ba a samu ba.

A yi lissafi har ƙarshen matakala, da kuɗin shaidar babban jirgi, da na sabunta takardu na shekara biyu ko uku, da ƙarin da za a ajiye saboda tashin dala. In jimillar ba ta fita sai an taɓa gidan da ake kwana a ciki, ko zinaren da uwa ta ajiye don ranar ciwo, ko jarin da ake ci da shi, to lokaci bai yi ba tukuna. Yaro ya yi wani karatu ko sana'a, ya tara, ya ɗauki matakan ɗaya bayan ɗaya. Dokar duniya ta bar matuƙin jirgin fasinja ya yi aiki har shekara 65, saboda haka wanda ya fara yana da talatin bai makara ba. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma abin da aka ba shi daga dukiyar gida, a tara iyali a faɗa, a rubuta ko kyauta ce ko rance, a sa shaidu.

Mu da muka ga yadda shagunan Suk al-Arabi suka zama kango cikin 'yan makonni, mun kuma ga cewa gidajen da suka iya fita da iyalansu zuwa tudun mun tsira, da yawa ɗan zinaren da ya rage a hannun mata ne ya biya musu kuɗin mota. Muna roƙon iyaye su sa wannan a cikin lissafinsu.

Allah Ya buɗa wa 'ya'yanmu ƙofofin halal, Ya kare iyayenmu daga nauyin bashi, Ya mayar wa Sudan da zaman lafiya.